Kafin ka haɗa kwaɗi iri-iri a mazubi ɗaya

Washegarin ruwan farko na kirki a bana, ɗalibaina suka shigo mini da kwaɗi bakwai a tsohon bokiti, an rufe bakinsa da kwali. Huɗu daga magudanar bayan makaranta, biyu daga wani lambu a Fadamar Mada, ɗaya kuma wani yaro ne ya taho da shi tun daga Azare a gwangwanin madara da ya huhhuda wa murfi. Na leƙa, na ga babban ya danne ƙanana, duk sun jiƙe da fitsarin juna. Na ce, "Wa ya ce ku zuba su wuri ɗaya?" Shugaban ajin ya ce, "Malam, ai kwaɗo kwaɗo ne."

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma haka na ɗauka a daminar da na fara. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a nan cikin garin Bauchi, kuma damina shida ke nan ina ajiye kwaɗi a bayan ɗakina don yara su gan su da idonsu, su daina haddace zanen allo kawai. A shekarar farko na zuba ƙananan kwaɗi biyar a baho ɗaya da wani ƙaton bududdugi da aka kamo mini a bakin kududdufi. Da safe na ƙirga uku. Na zaci tsallakewa suka yi, na ƙara dutse a kan murfi. Da daddare na haska tocila, sai ga ƙafar wani tana leƙowa ta gefen bakin bududdugin, yatsun suna motsi, shi kuwa ya runtse idanu yana tura shi ciki. Laifina ne, ni na bai wa kura ajiyar nama. Har yau abin yana dawo mini.

Saboda haka shawarata tun farko ita ce kowane iri da gidansa. In kana son ka riƙa kwatanta su, jera mazubai biyu ko uku kusa da juna, ka samu abin da kake so ba tare da ka sa ran kowa a haɗari ba. Amma na san akwai wanda wuri ya yi masa kaɗan, akwai kuma wanda ya riga ya haɗa su yana neman yadda zai gyara. Ga abin da na koya.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Hausa ta tara su duka a kalma ɗaya, amma ko a ƙofar gidanka iri biyu ko uku ke wucewa. Wanda kowa ya sani shi ne mai zama ƙarƙashin ƙwan lantarki yana jiran ƙwari. A tsofaffin littattafanmu sunansa Bufo regularis, tun 2016 kuma masana suka mayar da shi da danginsa na Afirka ƙarƙashin sunan Sclerophrys. Macensa takan haura santimita 10, kuma a bayan kowane ido yana da kumburi dogo mai santsi, kamar an manna masa ƙwayar wake. Nan ne ma'ajiyar dafinsa. Akwai ƙaninsa, Sclerophrys maculata, wanda bai kai shi girma ba, bayansa a shafe yake, kumburin nan nasa kuma bai fito sosai ba, sai ka duba da kyau. Shi ya fi son bakin rafi da wuri mai inuwa. Sai na busasshiyar ƙasa, Sclerophrys xeros. In ka miƙe ƙafarsa ta baya a hankali za ka ga ja-ja a bayan cinyarsa kamar an ɗiga masa jan fenti. Wanda yaron nan ya kawo daga Azare irinsa ne. Akwai kuma wani gajere dunƙulalle, Sclerophrys pentoni, wanda yawancin shekara a binne yake, sai ruwa ya sauka ya fito. Bududdugi da sauran masu santsin fata da dogayen ƙafafu daban suke, kada ma ka yi tunanin haɗa su da waɗannan. Haka wani ɗan ƙarami mai sulɓi, bayansa ja gefensa baƙi: ruwan jikinsa yana da zafi a kan rauni, kuma yana cutar da duk wanda aka rufe tare da shi.

Ɗauki hoton bayan kowanne da wayarka tun ranar farko. Zanen bayan kwaɗo bai zama ɗaya da na wani ba, da shi za ka riƙa gane wa ya ci, wa bai ci ba. Ka rubuta inda aka kamo shi da ranar. Wannan rubutun zai yi maka amfani a ƙarshe fiye da yadda kake zato.

Girma shi ne abu na farko da ke kashewa. Kwaɗo ba ya tambayar dangi, duk abin da ya motsa kuma bakinsa zai ɗauka, abinci ne. Ni ƙa'idata ita ce in ɗaya bai kai kashi uku cikin huɗu na tsawon ɗayan ba, ba su kwana tare. Ko da ba a haɗiye shi ba, ƙaramin ba zai samu abinci ba, zai laɓe a lungu yana ramewa kana ganin kamar lafiya lau.

Na biyu laima. Jiharmu kaɗai ta ishe ka misali: ƙasar Dass da Toro da Tafawa Balewa ba ɗaya take da ta Katagum da Gamawa ba, ruwan da ake samu a kudu ya fi na arewa nesa ba kusa ba. Kwaɗon da ya saba da jigawa, in ka zaunar da shi a taɓo kullum, fatar cikinsa za ta lalace. Wanda ya saba da bakin rafi kuma, ka bar shi a busasshen rairayi, kwana biyu na hunturu sun isa su ƙanƙance shi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake a kan danshi, fatar ƙasan cikinsa ta tsotsa. Wannan ke nufin duk abin da ke cikin ruwa ko ƙasar mazubin yana shiga jikinsa kai tsaye, har da kashin maƙwabcinsa da dafin da maƙwabcin ya fitar lokacin da ya tsorata. Tsakanin kwaɗin nan masu kaushin fata dafin bai cika yin ɓarna ba, domin jikinsu yana jure irinsa. Masu santsin fata ne ke shan wuya.

Cuta ita ce ta fi ba ni tsoro, don ba a ganinta. Kusan duk kwaɗon da aka kamo a waje yana ɗauke da tsutsar ciki ko ta huhu. A daji yana yin kashi ya bar wurin. A baho kuwa a kai yake kwana, ƙwayayen su sake komawa jikinsa da na abokin zamansa, wanda wataƙila bai taɓa haɗuwa da irinsu ba. Akwai kuma wata cutar fumfuna mai kama fata, wadda ake kira kitirid, aka ba ta suna a 1999. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa ta rage yawan jinsi kusan 500 na kwaɗi da danginsu a duniya, kimanin 90 daga ciki ana jin sun ƙare ƙurmus. An taɓa samunta a jikin kwaɗin Nijeriya. Ba ta son zafi sosai, wannan ya ɗan taimake mu a nan, amma wani kwaɗon yana iya ɗauke da ita garau, ya shafa wa wanda ba zai jure ba.

Don haka duk sabon zuwa sai ya yi zaman keɓewa. Wata guda shi ne mafi ƙaranci, ni wata biyu nake yi in na samu hali. Roba mai murfin raga ta isa. Shimfiɗa farar takarda mai laushi ka yayyafa mata ruwa, ka sa fasasshiyar tukunya ya ɓuya a ciki, da ɗan kasko na ruwa. Dalilin farar takarda shi ne ka ga kashinsa. Na lafiyayye baƙi ne, dunƙulalle, za ka ga ɓawon ƙwari a ciki. In ruwa-ruwa ne, ko da jini, ko ka ga zare-zare suna motsi, to ba shi ba shiga cikin jama'a. Kowace roba da cokalinta da tsummanta. Ka fara hidimar tsofaffin da ka tabbatar da lafiyarsu, sabo ya zama na ƙarshe, sannan ka wanke hannu.

To su wa za a iya haɗawa? A ganina biyu ne kawai ke da hujja: waɗanda ka samu suna zaune a fili ɗaya tun asali, girmansu kuma ɗaya. Na taɓa riƙe ƙananan regularis biyu da manyan maculata biyu, duk daga lambu guda, har ƙarshen damina ba abin da ya same su. Na Azare kuwa shi kaɗai yake zaune har yanzu, kuma haka zai ci gaba. Ka kula da jinsi ma. Namiji maƙogwaronsa duhu ne, lokacin damina kuma yatsun hannunsa na ciki sukan yi baƙin kanta. In sha'awa ta motsa masa ba ya tantancewa, duk wanda ya samu zai ɗare bayansa ya maƙale hammatarsa. Namijin irinsa yakan yi wani ɗan gurnani a sake shi, amma baƙon iri ba lallai a fahimce shi ba. Na ga wanda aka riƙe kwana uku har hammatarsa ta saɓule. In kuma mace ce ta wani iri mai kusanci, ana iya samun ƙwai ruwa biyu, waɗanda ba ka da inda za ka kai su. Mata zalla sun fi zaman lafiya.

Gidan da kansa ba sai na gilashi ba. Babbar robar ajiyar kaya ko tsohon baho mai zurfi ya wadatar, matuƙar ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi ko fenti a ciki ba. Faɗi ake nema, kwaɗo ba mahayin bango ba ne. Guda biyu na iri ɗaya, mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 ya yi musu. In iri biyu ne, ka nemi mai tsawon mita guda ko fiye, ka tsaya a kan kwaɗi huɗu. Zuba ƙasa zurfinta ya kai santimita 10 don su tona su shige. Turɓaya nake ɗebowa daga inda ba a zuba takin zamani ko feshi ba, in gauraya da rairayi da ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, in baza a rana kwana biyu kafin in zuba. Gonar da aka yi wa feshin ciyawa, ko gefenta kada ka ɗiba.

Sirrin haɗa iri biyu shi ne gida ɗaya ya zama yana da damina da rani a lokaci guda. Gefe ɗaya nake yayyafa wa ruwa, in ka dunƙula ƙasar ta kama amma ba ta ɗiga ba. Ɗaya gefen a bar shi da ɗan sanyin ƙasa kawai. Kowa zai zaɓi nasa. Maɓoya kuma ta fi yawan kwaɗin: in huɗu ne, ka kifa tsingaro ko ɓawon itace biyar ko shida, wasu a danshi wasu a bushe, bakinsu ba ya kallon juna. Kasko biyu na ruwa, ɗaya a kowane ƙarshe, a binne su har baki, zurfin ruwan kada ya wuce haɓar ƙaramin cikinsu. Sauya ruwan kullum da safe, domin a ciki suke son yin kashi.

Ruwan famfo ana zuba masa kulorin, kuma fatarsu ba ta ɗaukarsa. Ka tara a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu kafin ka yi amfani da shi. Ruwan rijiya mai kyau ko na sama ya fi, amma ka bar na farkon da ya wanko kwano ya zube.

Murfi dole ne, na raga a kan katako, mai nauyi. Yana hana su fita, yana hana ɓera da mage da kaji. Maciji ma yana bin kwaɗo, wannan ka riƙe shi da gaske in da yara a gida. Maƙiyin da ba a zato shi ne kwarkwasa da cinnaka. Kwaɗo yana cin tururuwa ɗai-ɗai, amma in runduna ta shigo masa a rufe ba shi da mafita. Nakan ɗora bahon a kan benci, in sa ƙafafun bencin a gwangwanayen ruwa. Kada ka zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kusa, kada kuma a kunna maganin sauro a ɗakin da suke. Uwargidana ta san wannan, in za ta yi feshi takan ce, "Malam, fitar da mutanenka tukuna."

Zafinmu na Maris da Afrilu, da ke kai wa digiri 40, yana dafa su in mazubin yana ƙarƙashin kwano ko rana tana taɓa shi ko na awa ɗaya ne. Ka nemi inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, kusa da randa in akwai. Da hunturu kuwa bushewa ce matsalar, sai yayyafi safe da yamma, a rufe rabin ragar da jiƙaƙƙen buhu. In suka nutse cikin ƙasa suka daina fitowa a rani, ɗabi'arsu ce, kada ka yi ta tono su.

Wajen ciyarwa ne haɗin ke nuna gaskiyarsa. Kwaɗo ba ya cin abin da ba ya motsi. Da damina abinci a ɓagas yake: ajiye daro ƙarƙashin fitila, shinge da gyare da ƙananan fara za su cika shi. Da rani nakan yi dabarar masu kaji, in cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a tukunya, in yayyafa ruwa, in kifa kusa da shuri, da safe ta cika da gara. Tana ma suna so. Girman abincin kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu. Ƙwaron da ka tsinta yana magagi a ɗakin da aka yi feshi, guba ne, jefar da shi. Sau biyu a mako nakan daka ɓawon ƙwai da aka tafasa ya bushe, ya yi laushi kamar hoda, in barbaɗa wa ƙwarin kafin in ba su. Rashin kalsiyam yana lanƙwasa ƙashinsu, musamman masu tasowa. Gyaren da zan bayar kuma nakan ciyar da shi karas da ganyen zogale kwana ɗaya kafin nan.

Kada ka watsa abinci ka juya baya. Bayan magariba ka zauna da tocila mai raunin haske ka ƙirga abin da kowa ya ci. A nan na gane cewa regularis ya fi maculata zafin nama: kafin ɗaya ya gama karkata kai yana auna gyare, ɗayan ya lashe uku. In haka ta faru, ka riƙa fitar da mai haɗamar zuwa wata roba lokacin cin abinci, ko ka sa kwali a tsakani. Manya sau uku a mako ya ishe su, ƙanana kusan kullum. Nakan auna kowanne duk ranar Asabar da ƙaramin sikelin kicin in rubuta. Wanda nauyinsa ya sauka mako biyu a jere, na raba shi ke nan, ba na jiran na uku.

Sauran alamun da ke sa in raba su nan take: wanda ya wuni a cikin ruwa bai fita ba, wanda ke ta goga hanci a bango har ya yi ja, wanda ƙashin kwankwasonsa ya fito, wanda ka kifar da shi ya kasa juyowa, da wanda cikinsa da ƙasan cinyoyinsa suka yi jajir kamar jini ya kwanta. Wannan na ƙarshen ciwo ne mai saurin kisa da yaɗuwa, ƙazantar ruwa ke jawo shi. Kada ka rikita shi da jan ɗigon xeros, wanda halittarsa ce kuma a bayan cinya kawai yake. Saɓa kuwa ba ciwo ba ce, za ka ga yana hamma yana jan tsohuwar fatar da hannu yana cinyewa. In wani ya mutu, zubar da ƙasar duka a rami ka binne, ka wanke mazubin da ruwan bilic, ka ɗauraye har warin ya tafi, ya sha rana kwana biyu. Mai ciwo kuma a nuna wa likitan dabbobi, kada a ɗura masa maganin kaji da ka.

Taɓa su ya zama na larura. Hannu a jiƙe, babu sabulu babu man shafawa. Ruwan da yake saki in an ɗauke shi guzurinsa ne na ranar ƙishi, duk ɗauka asara ce gare shi. Bayan ka gama ka wanke hannu kafin ka taɓa ido ko abinci, ka kuma koya wa yara haka. Farin ruwan da ke fita daga kumburin bayan idonsa yana taɓa zuciya in an haɗiye shi, shi ya sa kare ke kumfar baki in ya cafki kwaɗo.

Wani ya taɓa tambayata ko zai iya sayo na ƙasashen waje ya haɗa da namu. A'a. Na Turai da na arewacin Amurka sanyi suke so, har da barcin hunturu mai tsawo, zafin Bauchi zai kashe su. Waɗanda za su iya jurewa kuma su ne abin tsoro. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo kimanin ɗari daga Hawai zuwa Ostireliya don ya cinye ƙwarin rake, yau ya mamaye arewacin ƙasar, namun dajin da ke cinsa suna mutuwa da dafinsa. A 2014 aka ba da rahoton wani na Asiya ya kafu a kewayen tashar jiragen ruwa ta Toamasina a Madagaska. Murfi ɗaya da aka manta a buɗe ya isa. Haka kuma kada ka kamo komai daga Yankari ko wani gandun da doka ta kare, na unguwarku sun ishe ka.

Nakan tuna wa ɗalibaina hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Nakan haɗa musu da ruwayar Abu Dawud cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sanya kwaɗo a magani, ya hana shi kashe shi. Wanda ya rufe rai a baho ya ɗauki nauyin cinsa da shansa, kuma in ba zai iya ba gara ya bar shi a lambu ya je ya kalle shi a can.

Nan ne rubutun ranar farko ke aiki. Wanda ya zauna shi kaɗai ko da 'yan wurinsu, yana lafiya, ana mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi. Wanda ka daɗe da zaunar da shi gida ɗaya da na wani gari kuwa ya zama naka har ƙarshen ransa, domin ba ka san abin da zai kai wa na waje ba, kuma kwaɗo yana iya yin shekaru a hannunka. Na Fadamar Mada da na magudana zan mayar da su a Satumba, tun ƙasa tana da laima da ƙwari, bayan magariba, kowanne a robarsa. Na Azare kuma mun yi da yaron, in an ba da hutu zai tafi da shi a kwali mai jiƙaƙƙen tsumma, ya sauke shi gindin famfon da ya ɗauko shi.